Kawu da Mutanen Tsohon Tafki

Ranar sadakar uku ta Kawu, ƙanen mahaifiyata, na zauna kusa da ƙofar zauren gidansa da ke Tawa, inda kunnena ke kamo maganar maza daga waje da ta mata daga ciki. Malaman kwalejin da ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa sun zo tare, sun yi addu'a, ɗayansu ya ce, yana kiransa Mushe yadda ake kiran malamin boko a nan, "Mushe ya tahi. Mutum ne marar hayaniya, bai taɓa makara aji ba." Iyakar abin da suka sani ke nan, kuma gaskiya suka faɗa. Limamin unguwa ya shaide shi da sahun gaba a sallar asuba, sai ya ƙara da cewa, "Aikin nan nashi na da kuwa, Allah ya san niyyar kowa." A cikin gida wata tsohuwa maƙwabciya ta karkato ga ta kusa da ita, tana ganin ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Shi ne hwa mai tonon matattun nan. Allah dai shi yi mai sauƙin kwanciya."

Da hantsi motar haya ta sauke wasu maza daga Yamai, tsofaffin ɗalibansa na jami'a. Ɗaya daga cikinsu, babban ma'aikaci yanzu, ya durƙusa gaban matar Kawu zai yi gaisuwa, sai ya rufe fuska da hular kansa yana kuka kamar yaro. Inna, wato mahaifiyata, ba ta zubar da hawaye ba tun ranar farko. Tana zaune a kan tabarma da tabaran Kawu a hannunta, tana buɗe shi tana naɗewa, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce, "Ni ce babba. Ni ya kamata in riga shi."

Can wajen azahar wata dattijuwa ta shigo, baƙin lulluɓi, ƙafa duk ƙura, daga gani makiyayiyar arewa ce. Ba ta jin Hausa sosai. Ta ajiye ƙullin cuku gaban matar Kawu, ta nemi gefe ta zauna har la'asar, ta tashi ta fita. Mata suka yi ta tambayar juna ko wace ce. Ni na gane ta tun daga takunta.

A ranar na lura kowa guntu ya riƙe na mutumin nan, kuma guntayen ba sa haɗuwa. Ni ɗiyar 'yar'uwarsa ce, kuma na yi ɗalibta a hannunsa, na ga abin da waɗansu ba su gani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin ni ma in fara mantawa.

Kawu ba ya tafiya yana kallon gabansa, ƙasa yake kallo. Tun muna yara, in ya zo ganin gida, mutane kan tare shi a hanya su ce, "Mushe, mi ya ɓace maka?" Ya ce ba kome. Aljihun rigarsa kullum a yage yake saboda duwatsu, matarsa ta gaji da ɗinki ta bari. In ya tsinci abu bai tabbata ko ƙashi ne ko dutse ba, sai ya taɓa shi da harshe, ya ce ƙashi yana kama harshe, dutse ba ya kamawa. Ranar da Inna ta fara ganin ya yi haka a tsakar gidanmu, salati ta saka, ta ɗauke kwanon da ya sha ruwa da shi ta wanke da toka.

Shi dai da malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, yana zagaya makarantun karkara a arewacin Adar. A farin farko, wanda ya cinye dabbobi kafin soja su karɓi mulki, ciyawa ta mutu, iska ta share rairayi daga wani faffaɗan kwari da ke arewa da mu, tafiyar yini a mota. Ya bi ta wurin, ya ga ƙasa fari fat da ƙasusuwa. Ya ɗauka na shanun da suka mutu ne. Da ya sauka ya duba, sai ya ga ƙashin bayan kifi mai faɗin tafin hannu, a wurin da rijiya mafi kusa sai an yi doguwar tafiya. Daga ranar bai sake zama mutumin da muka sani ba. Da furfurarsa ya koma karatu, ya tafi ƙasar waje ya dawo, jami'a ta ɗauke shi. Duk hutun sanyi sai ya kwaso ɗaliban tarihi a kamiyo, wato babbar motar kaya, su kafa tantuna a bakin kwarin, ya koya musu tonon ƙasa.

Abin da yake cewa shi ne, a wani zamani mai nisa da ba a iya lissafa shi da kakanni, kwarin nan tafki ne mai dorina da kada da giwan ruwa. Mutanen da suka zauna bakinsa ba su noma, ba su kiwo. Kamun kifi suke yi da farauta, matansu na tattara ƙwayar ciyawa suna niƙawa. Kawu bai taɓa kiransu da sunan da littattafai ke kiransu ba. "Masu gida" yake ce musu. Kowace safiya kafin ya sa ƙafa cikin ramin tono sai ya yi sallama. Ɗalibai sababbi kan yi dariya a ɓoye, amma kafin sati ya zagayo za ka ji su ma suna yi.

Rigimarsa da Inna a kaina ta tashi. Da na shiga jami'a na zaɓi tarihi, sunana ya fito cikin waɗanda za su je tono a shekarar fari na biyu. Kawu ya biyo ta gidanmu da kamiyon cike da ɗalibai don in yi sallama. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za ni.

"Ɗiya mace, cikin daji, tsakanin maza, tana tonon kushewa? Kai ka lalace, ka bar min tawa."

"Yaya, ba kushewar kowa muke tonawa ba. Kuma mata uku ne, ba ita ɗai ba."

"Waɗanda kake tonowa ba uwa ta haihe su ba? In kai anka yi ma haka, ka so?"

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, abin da yake yi in ransa ya ɓaci. Ya ce, "In bayan an manta da Adar baki ɗaya wani yaz zo ya tono ni a hankali, ya tambaya mi nake ci, ina nake kwana, wallahi na yahe mai. Na ma gode."

"Sai ka yi ta godiya," in ji Inna. Ta shige ɗaka ta bar mu tsaye. Mahaifina ne ya ce in tafi. Har kamiyo ya tashi ba ta leƙo ba, amma da na kwance kayana a sansani na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da laya a cikin zanen rufata.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Kawu mai sauƙin hali ne. A wurin aiki ba shi da daɗi. An ja igiya a kan turaku an raba ƙasa gida-gida, kowa da nasa, da cokalin magina da buroshi da rariya. In ya ga kana sauri sai ya tsaya a kanka, inuwarsa ta rufe ka, ya ce, "A hankali. Sun daɗe suna jira, ba gudu za su yi ba." In ka ɗaga abu daga inda yake kafin a auna a zana, ranar ba za ka ji daɗin abincinka ba. A shekarar da ta gabaci tamu ya kori wani ɗalibi daga sansani saboda ya sa kan kibiya na dutse a aljihu zai kai wa budurwarsa. Yaron ya yi ta roƙo, Kawu ya ce, "Ba naka ba ne, ba nawa ba ne." Sai da ya maimaita shekara. Shi ne ya sake zuwa tare da mu, kuma shi ne mai kukan nan na ranar sadakar uku.

Da ni kuwa ya fi tsanani, don kada a ce ɗiyarsa ce. Sau ɗaya ya yabe ni. Na share yini ina bin wani abu da buroshi, ya fito kan zago ne na ƙashi, irin mashin da ake sukar kifi da shi, ƙayoyinsa a jere ba wanda ya karye. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Hannunki na da kunya. Haka ake so." Na riƙe wannan magana har yau.

A shekarar damina ba ta yi kome ba. Tun a hanya muka ga gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gawar shanu a gefen hanya har ungulu sun ƙoshi sun bari. Ruwanmu kamiyo ke ɗebowa a tano-tano, wato gangunan ƙarfe, daga wani famfo mai nisa. Ba mu daɗe da kafa tantuna ba mutane suka fara saukowa daga arewa, makiyaya ne da dabbobinsu suka ƙare, yawanci mata da yara da tsofaffi, mazan sun yi gaba neman abin da za su samu. Suka ga tano, suka tsaya. Ba su roƙi kome ba da farko. Nesa kaɗan suka kafa 'yan sanduna suka rataya fatu. Da safe yara su zo su tsaya a bakin igiya suna kallonmu muna kakkaɓe ƙashin kifi da buroshi, su ce, "Aman," wato ruwa. Kawu ya ce a raba. Ya hana mu wanka, ya hana wanke abin da muka tono, ya ce mai dafa mana abinci ya ƙara ruwa a tukunya ya rage kauri.

Wata safiya muka iso wurin aiki muka tarar da rami a gidan da ɗalibin nan da aka taɓa kora yake tonawa. A nan ya gano wani babban dutsen niƙa da ɗansa a kai, yadda mai shi ta bar su, ya kwana biyu yana zana su, ba a kai ga ɗagawa ba. Dutsen ya ɓace. Sawun ƙafa ya nufi wajen baƙin. Ya bi sawun a fusace, muka bi bayansa, Kawu a ƙarshe.

Dattijuwar nan ta ranar sadakar uku muka tarar a durƙushe, dutsen a gabanta, tana niƙa ƙwayar ƙarangiya. Hannuwanta duk sun farfashe da ƙaya. Jikokinta biyu na kwance gefe a kan fata, jikinsu ya feso da ƙyanda. Direbanmu yana jin Tamashek, shi ya yi mana tafinta. Ta ce turminta ya tafi tare da jakinta na ƙarshe, yaran ba su iya haɗiye tsaki, sai gari mai laushi. Ta ga dutse a ƙasa ba mai amfani da shi. In namu ne ta mayar, a bari dai ta gama wannan.

Kawu ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon yadda take tura ɗan dutsen, yadda garin ke taruwa a ƙasan kwarmin da wata mace ta sassaƙa da hannunta tun ba a san ƙarfe ba. Sai ya ce wa direba, "Gaya mata ta riƙe. Kuma akwai waɗansu cikin akwati, a hiddo a ba sauran matan."

Ɗalibin ya ce, "Mushe, ni a kan kan kibiya ɗaya ka kore ni."

"Na kore ka."

"To wannan hwa?"

"Kai ado za ka yi da shi. Ita abinci take yi." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "In na yi maka rashin adalci, ka bi ni bashi gobe kiyama. Yanzu je ka buɗe akwatin."

Da yamma na same shi zaune a bakin ramin da dutsen ya fita, shi kaɗai. Na ɗauka zan ga alamar gamsuwa a fuskarsa, ban gani ba. Ya ce min a ƙarƙashin dutsen nan akwai toka da ƙwayoyin da suka ƙone, da an ɗebe su yadda ya kamata, da an san abin da suke niƙawa da zamanin da suka yi. Yanzu ƙafa ta tattake, rairayi ya cakuɗe. "Ba a tona wuri sau biyu, ɗiyata," ya ce. Ya ɗebi ƙasar a hannu ya sake ta.

Ƙyanda ta yi ta yaɗuwa. Aka fara binne yara a bayan tudun da ke gabas da mu, kuma da shebur ɗinmu ake haƙa ramukan, ɗalibanmu maza ke haƙawa. Mu da muka zo koyon fito da matattu a hankali, sai ga mu muna saka sababbi da sauri. Kawu ya je wurin sojan da ke riƙe da yankin, wani kaftin, ya nemi a aiko da ma'aikacin lafiya ko a kwashe marasa lafiya. Aka ce masa umurni ya zo daga sama, kowa ya tsaya inda yake, ba a son a cika gari da 'yan gudun fari, taimako na nan tafe. Aka kuma tuna masa cewa kamiyon da man da ke cikinsa na gwamnati ne, don aikin jami'a aka ba shi.

Ya dawo sansani. Washegari bayan sallar asuba ya tara mu ya ce tono ya ƙare. Akwatunan da muka riga muka loda, na wannan shekarar da waɗanda ya bari a ajiye tun shekarun baya a wata bukka, ya sa aka jera su cikin rami mafi zurfi, aka rufe da tanti, aka zuba rairayi. Ya ce zai dawo ya ɗauka. Sannan ya ce duk ɗalibin da ke tsoron abin da zai biyo baya ya faɗa, ba zai riƙe shi a rai ba, shi kaɗai ya yanke wannan shawara kuma haka zai faɗa ko'ina. Ba wanda ya janye. Muka shimfiɗa katifunmu a bayan kamiyo, muka ɗora yara da uwayensu da tsofaffin da ba su iya tsayuwa. Ɗalibai maza suka zauna a sansani suna jiran sawu na gaba, mu mata muka hau don riƙon yara.

Ƙaramin jikan dattijuwar a cinyata yake. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ina jiƙa bakin gyalena ina ɗiga masa ruwa, tun yana tsotsa har ya daina. Wajen Affala na ji jikinsa ya saki. Na dubi kakarsa, ta dube ni, ta miƙo hannu ta rufe masa ido, ta ja lulluɓinta ta rufe fuskarta. Ba ta yi kuka da sauti ba, don kada ɗayan ya ji.

A shingen shiga Tawa sojoji suka tsayar da mu. Wani saje ya zagayo baya ya leƙa, ya koma wurin Kawu.

"Takardarka ta ce ɗalibai da kayan tarihi."

"Haka ta ce."

"To waɗanga hwa?"

"Marasa lahiya ne. Likita za ni kai su. In za ka kama ni, ka bari in sauke su tukuna, ni da ƙahwata zan zo in same ka."

Sajen ya sake dubanmu. Ya ga yaron da ke cinyata, an rufe shi da gyale har kai. Ya juya baya ya ɗaga wa na bakin shinge hannu. Kawu ya sauke mu a likita, wato asibiti, ya sha ruwa a tsaye, ya juya arewa. Ya yi ta kai da kawowa har man ya ƙare, ya kwaso ɗalibansa a sawun ƙarshe. Sannan ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi da ƙafarsa kamar yadda ya faɗa.

Sun riƙe shi 'yan kwanaki. Ba su taɓa lafiyarsa ba, ko kuma bai gaya mana ba. Bayan nan saƙo ya zo cewa an ɗauke shi daga jami'a, an maido shi Tawa ya koyar da yara a kwaleji. Laifin da aka ambata shi ne ya karkatar da motar gwamnati, ya kuma raba kayan tarihin ƙasa ga mutanen da ba su san darajarsu ba. An hana shi komawa wurin tonon sai da izini, izinin kuwa bai zo ba sai bayan fiye da shekara. Da ya je, tudun rairayi ya matso ya hau kan rabin wurin. An cire turakun an yi makamashi da su. Ya sami ramin da kyar, gara ta cinye akwatunan, kome ya zube ya cakuɗe, ba a san wanne ya fito daga ina ba. Ya dawo da hannu wofi. Aikin shekara da shekaru ke nan.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne Inna. Ita da ta tsani aikin, ita ta fi kowa jin zafin raba shi da aka yi da shi. Ta same shi a zaurensa ta rufe shi da faɗa.

"Kai kaɗai ne mai tausai a ƙasar nan? Ka bar gidanka, ka bar matarka shekaru kana karatun ƙasusuwa, yanzu ka zubar da shi rana ɗaya?"

"Ba ke kika ce in bar matattu su huta ba, Yaya?"

"Na ce ka bari don kanka. Ban ce a ƙwace maka ba!"

Ta zauna a kan dakali tana huci. Da za ta tafi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yaran da ka kawo, nawa sunka rayu?" Ya ce bai ƙirga ba, amma da yawa. Ta ce, "To." Daga ranar kowace Juma'a sai ta aika masa da fura, damun hannunta, a cikin kwanonta na kanta.

Shekarun da suka biyo baya ya zama Mushen da malaman kwaleji suka sani. Ya daina tsintar duwatsu. Matarsa ta ce min ranar da ta lura aljihunsa ya daina yagewa, ɗaka ta shiga ta yi kuka. In tsohon ɗalibi ya zo gaishe shi ya ɗauko zancen kwarin, sai ya tambaye shi lafiyar iyali. Ni ma da aka turo ni koyarwa Tawa nakan je in zauna da shi bayan la'asar, mu sha shayi, ya tambaye ni abin da na koyar ranar, ya gyara min. Ya ƙara saurin fushi, ya kan yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ya rasa yadda zai ba ta haƙuri sai ya sayo mata goro ya ajiye a bakin ƙofa. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "In an sake, haka zan sake yi. Amma kada ki ce bai yi min ciwo ba."

Bana ruwa ya dawo. Tun farkon damina ake yinsa kamar da bakin ƙwarya, gero ya rufe mutum a Kalfu, tsofaffi na cewa rabonsu da ganin irinsa tun kafin fari na farko. A cikin wannan daminar ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu a likita. Tsohon direbanmu, wanda yanzu yake jan motar haya zuwa arewa, ya zo duba shi, cikin hira ya ce ai kwarin nan ya cika da ruwa.

Kawu ya yunƙura zai tashi zaune, muka riƙe shi.

"Wane irin ruwa? Ya kai ina?"

"Wallahi Mushe daga nesa na hango. Yana ƙyalli dai."

"Daga nesa!" Ya juyo gare ni. Rabona da ganin idonsa haka tun ranar zagon nan. "Ɗiyata, ki tahi ki gano min. Ki duba ko ya kai gindin tudun gabas. Ki duba launin ruwan, da abin da ya tsiro a baki. Kada ki yi sauri. Ki duba da kyau ki zo ki gaya min."

Na ce a bari ya ji sauƙi mu je tare. Ya ce shi ya san jikinsa, in tafi kawai. Inna ta ce, "Tahi, tunda ya ce." Washegari na bi direban. Hanya ta lalace, muka kafe a laka, muka kwana a wani ƙauye, tafiyar yini ta zama ta kwana biyu. Na yi yini guda a wurin ina zagayawa ina dubawa yadda ya koya min. Da muka dawo, tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidansa. An binne shi da safiyar ranar da nake tsaye a bakin ruwan. Matarsa ta ce har ya daina magana, duk wanda ya turo ƙofa sai ya juyo da kai.

Ban ba kowa labarin abin da na gani ba, don ba wanda ya aike ni sai shi. To ga shi, Kawu. Ruwan ya wuce gindin tudun gabas, ya zagaye shi ta arewa, amma bai taɓa kaburburan yaran ba. Launinsa ja-ja ne a baki, can tsakiya ya yi duhu. Na shiga har ya kai min gwiwa, ƙasansa laka ce mai santsi, ba rairayi ba. Ciyawar burgu da ƙarangiya sun tsiro ko'ina sun yi 'ya'ya. Akwai agwagin ruwa da balbela, da kwaɗi masu yawan gaske. Kifi ban gani ba, na daɗe ina dubawa. Waɗansu makiyaya sun sauka a gefen yamma da 'yan awakinsu, matansu na wanki, yaransu na wanka suna ihu. Wurin da muka yi tono yana ƙarƙashin ruwa, ban iya gane shi ba. Ban yi sauri ba, Kawu. Na duba da kyau.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya shayar da kai.